Daga Apapa Zuwa Jimeta: Wa Ke Gadin Kayanmu?

Dattawa, sarakunan Hausawa da sauran 'yan'uwa mazauna Ikko da Fatakwal, ina gaishe ku da zaman baƙunci.

Yaran yanzu da yawa ba su san cewa Jimeta tashar jiragen ruwa ce a da ba. In Binuwai ta cika, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, jirage kan hauro daga Burutu ta Lakwaja ɗauke da gishiri da yadi, su koma da gyaɗa da auduga da fatu. Wasu har Garwa suke kaiwa. Lamiɗo Zubairu ya san bakin kogi ƙofa ce marar ƙyaure, shi ya sa bai saki jiki da Turawan Kamfanin Neja ba. Tsoronsa kuwa ya tabbata, domin ta kogin nan sojan Ingila suka zo suka ci Yola a Satumban 1901.

Bayan yaƙin basasa wannan hanya ta yi sanyi. Yau kayan Jimeta a Apapa, Tin Can da Onne ake sauke su, sannan mota ta kwaso su. Manyanmu ba su manta 1975 ba, shekarar da jirage fiye da 400, galibinsu na siminti, suka yi cirko-cirko a bakin Ikko, ɓarayi na hawansu da kwalekwale cikin dare. An daɗe ana shan wuya kafin a samu dokar hana fashin teku a 2019, da shirin Deep Blue na hukumar NIMASA a 2021. Fashin ya ragu ƙwarai, wannan kam ba gardama.

Amma fa jirgin sintiri ɗan fashi yake kora, ba ya ganin mai fasa kwantena a lungun tasha. Duk buhun da ya salwanta can, ɗan kasuwa zai ɗora kuɗinsa kan saura, uwar da kuke aika wa cefane a Jimeta ita za ta biya.

Ku ne direbobi, ku ne masu gadi, ku ne 'yan dako. Direba, kada ka tayar da mota sai lambar hatimin kwantena ta dace da ta takarda. Kayan da aka tallata maka da araha ba rasit, bar wa mai shi. In kun ga ana fasa kaya, a shaida wa sarkin Hausawa, shi kuma ya kai maganar ga 'yan sandan tasha tun motar ba ta fita ƙofa ba.