ALBASHI NA CIKI NE, RUMBU NA MAKARANTA NE

Laccar da Magatakardan Jam'iyya ya yi a taron mako

 Yau za mu yi magana a kan ƙasar Amurka, mu ga abin da ya sa ɗan baƙar fata da ɗan Bature su ke shiga makaranta rana ɗaya, amma ba su cika fita da rabo ɗaya ba.

Wasu su kan ce wai lalaci ne. Mu ba mu yarda ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Da farko sai mu bambanta albashi da dukiya. Albashi shi ne tuwon yau. Dukiya kuwa rumbu ce: gida, gona, da kuɗin ajiya a banki. Magidanta biyu suna iya karɓar albashi daidai, amma ran da ciwo ya zo, ko aiki ya ƙare, mai rumbu ɗansa ba zai bar karatu ba. Marar rumbu kuwa sai ɗan ya ajiye littafi ya tafi neman aiki, ko ya ci bashin da zai daɗe yana biya.

To, yaya rumbun kowa ya ke? A ƙidayar da Babban Bankin Amurka ya yi a 2022, gidan Bature matsakaici yana da dukiyar dala 285,000. Gidan baƙar fata matsakaici kuwa dala 44,900. Wato ɗaya ya ninka ɗaya fiye da sau shida.

Wa ya yi wannan rabo? Hukuma ce. A Janairun 1865 Janar Sherman ya ba da umarni a yanka wa 'yantattun bayi gonaki, eka 40 kowane gida. Kafin shekarar ta ƙare Shugaba Andrew Johnson ya sa aka mayar da yawancin gonakin ga iyayengijinsu na dā. A 1934 Gwamnati ta kafa hukumar da ke tsaya wa mutane su sami rancen sayen gida, amma ta riƙa kauce wa unguwannin baƙar fata. A 1944 aka yi dokar taimakon tsofaffin sojoji da kuɗin makaranta da rancen gida, amma aka bar rabon a hannun bankuna da ma'aikatan gari, su kuwa, musamman a Kudu, suka riƙa rufe wa baƙar fata ƙofa. Sai a 1968 aka hana nuna bambancin launi wajen sayar da gida. Kafin nan masu gida sun riga sun bar wa 'ya'yansu gādo.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na kuɗin makarantun Gwamnati a can daga harajin gidaje ya ke fitowa. Unguwa mai gidaje masu tsada haraji kaɗan ya ishe ta ta ɗauki ƙwararrun malamai. Unguwar talakawa ko ta matsa wa kanta, abin ba ya kai wa.

Kun ji labarin shari'ar Brown ta 1954, wadda ta rushe dokar raba makarantu saboda launi. Madalla. Amma a 1973 iyaye daga wata unguwar talakawa a San Antonio, jihar Teksas, yawancinsu 'yan asalin Meksiko, suka sha kaye a Kotun Ƙoli. Alƙalai biyar cikin tara suka ce wannan tsarin haraji bai saɓa wa tsarin mulki ba. An buɗe ƙofar aji, an bar rumbu a kulle.

Ko akwai magani? Akwai masu gwadawa. A 2007 aka zaɓi jarirai a jihar Oklahoma aka buɗe wa kowannensu ajiyar karatu da dala 1,000. Jihar Konetikat kuma, tun daga Yulin 2023, ta fara ajiye wa jariran talakawa dala 3,200 kowanne, su karɓa in sun kai shekara 18, don karatu, ko gida, ko sana'a.

'Yan'uwa, abin da mu ke so ku tafi da shi gida shi ne wannan. In yaro ya fāɗi jarrabawa, kada a tsaya ga tambayar ƙwaƙwalwarsa, a tambayi abin da aka hana kakansa. Abin da doka ta ɓata, doka ce za ta gyara.