TUNANIN DARE DA ANNABI ILIYA

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18; Filibiyawa 4:6-9

  

Duk wanda ya san ƙasar Aliero ya san albasa. Manomi ya sha wahalar ban ruwa rani guda, ya cire albasarsa, ya tarar kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Sai ya zuba ta a rumbu yana jiran ta yi tsada. To, daga ranar nan barci ya fara gagararsa. In ta ruɓe fa? In mai bin bashi ya zo kafin farashi ya tashi fa? Haka kuma waɗanda ambaliyar 2020 ta cinye musu shinkafa a fadamun Jihar Kebbi, akwai wanda har yau da ya ji hadari ya taso sai gabansa ya faɗi. Ɗan'uwana, 'yar'uwata, ko kai ma'aikaci ne, ko ɗalibi, ko uwar 'ya'ya, kana da naka rumbun da kake kwana kana lissafinsa.

Bari mu duba Iliya. Wannan mutum ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, ya yi addu'a wuta ta sauko. Amma da Yezebel ta aiko masa cewa kafin gobe war haka za ta kashe shi, sai ya tsere. Ya kai Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Annabi ne fa! Saboda haka kada kowa ya ce maka wai mai bi na gaskiya ba ya karaya.

Ku lura da abin da Allah ya fara yi. Bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da gurasa da tulun ruwa. Iliya ya ci, ya sha, ya koma ya kwanta, mala'ika ya sāke tashe shi ya ci. Sau biyu ke nan, ba a riga an yi masa wa'azi ko ɗaya ba. Ni a ganina da yawa daga cikinmu muna ɗora wa Shaiɗan laifin abin da yunwa da gajiya da rashin barci suka jawo. Wanda ya halicci jiki ya san bukatar jiki.

Sai da ya isa Horeb bayan kwana 40 Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Iliya ya ce an kashe annabawa, shi kaɗai ya rage. Har sau biyu ya faɗi haka. To, gaskiya ne? A sura ta 18 Obadiya da bakinsa ya gaya masa ya ɓoye annabawan Ubangiji 100 cikin kogo, yana ba su abinci da ruwa. Iliya ya ji wannan da kunnensa, amma tsoro ya shafe shi daga zuciyarsa. Allah kuwa ya ce akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Haka mugun tunani yake. Yakan ɗauki abu ɗaya na gaskiya, gama Yezebel da gaske take, ya lulluɓe shi da ƙarya har mutum ya kasa ganin kome.

Manomin albasa mai hankali ba ya rufe rumbu ya tafi. Yakan buɗe, ya duba, ya tsince wadda ta fara ruɓa, domin ya san guda za ta lalata sauran. Manzo Bulus, yana ɗaure a kurkuku, ya koya wa Filibiyawa irin wannan aiki. Da ya jera abubuwan da ya kamata mai bi ya sa a zuciya, gaskiya ya fara ambata. Saboda haka in tunani ya zo da dare ya ce maka ba ka da kowa, ka tashi zaune ka ƙirga: wa ya gaishe ka a makon nan, wa ya yi maka rance bara, wa ya yi addu'a dominka? Abin da ya rage bayan wannan, wato ainihin damuwar, ka kai wa Allah da sunanta, ko bashi ne, ko ciwon yaro, ko kuɗin makaranta. Ka haɗa da godiya, kamar yadda Bulus ya ce. Sa'an nan da safe ka yi abin da ke hannunka. Iliya ma aiki aka ba shi, aka ce ya koma ya shafe Elisha, ya sami abokin tafiya.

Akwai abu ɗaya da ba zan ɓoye muku ba. Mutane sukan zo Aliero daga nesa neman masu ɗori, ba wanda ya taɓa jin kunya don ya kawo karyayyar ƙafa. In baƙin ciki ya kama ka makonni, ba ci, ba barci, ko ka fara tunanin hallaka kanka, kada ka yi shiru. Ka faɗa wa fasto ko dattijon ikilisiya yau, ku je wurin likita tare. Akwai asibitin gwamnatin tarayya na masu ciwon ƙwaƙwalwa a Kware, kusa da Sakkwato. Zuwa can ba rashin bangaskiya ba ne.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka dubi wanda ke jin muryata yanzu bai runtsa ba tun jiya. Ka ba shi barci, ka aiko masa da ɗan'uwan da zai zauna da shi. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.