Lacca: Karatu daga nesa da makomar ƙananan yara



Karatu daga nesa tsohon zance ne a ƙasar Nijar. Tun shekarar 1964, da taimakon Faransa, aka kafa talabijin na lakwal a Yamai, yara suna ɗaukar darasi ta akwati. Sai dai waɗanda suka tsara shirin sun sanya wa kowane aji mai kula da shi, yana maimaita darasi, yana tambaya, yana gyara kuskure.

A watan Maris na 2020 cutar korona ta sa an rufe makarantu a nan da sauran ƙasashen duniya, aka yi ta kiran a koma ga rediyo da talabijin da salula. Ɗan mai hali a birni ya samu abin da ya samu; ɗan talaka a ƙauyen da babu lantarki ya zauna hannu rabbana.

Ko inda kayan suka wadata, ƙaramin yaro yana da bukata ta dabam. A 2003 wata masaniya a Amurka, Patricia Kuhl, ta gwada jarirai masu wata 9 da harshen Sin. Waɗanda mutum ya zauna yana yi masu magana ido da ido sun koyi rarrabe sautukan harshen. Waɗanda aka kunna wa bidiyo kuwa ba su kama ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaro mai shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a rana gaban allon na'ura.

Ga kuma sha'anin zuciya. Haƙuri, jiran layi, raba abin hannu, sulhu bayan faɗa, duk cikin tsara yaro ke koyon su, ƙarƙashin idon babba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ya kamata hukuma ta ɗauki na'ura a matsayin mataimakiyar malami, ta fara da horar da malamai da biyan su albashi kan lokaci. Uban da ya sayo wa ɗansa salula kuma, ya ware lokacin zama kusa da shi, ya tambaye shi abin da ya gani, ya saurari amsarsa.

Allah shi raya zuri'a. Wassalam.