BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: TARIHIN TSEREN IREEN WÜST TA ƘASAR HOLAN

Gabatarwa



Wannan lacca ta shafi wata mata ce 'yar ƙasar Holan mai suna Ireen Wüst, wadda ta yi fice a wani wasa da galibin masu sauraro ba su taɓa gani da ido ba, watau tsere a kan daskararren ruwa. Ko sunan wasan ma sai an nemo masa. Abin da Bahaushe ya sani da ƙanƙara shi ne wadda ta ke faɗowa da damina ta ɓata shuka, sai kuma ta firiji da zamani ya kawo. Amma a arewacin Turai, idan hunturu ya tsananta, kogi sukutum ya kan daskare har mutum ya yi tafiya a kansa. Saboda haka a nan za a kira wasan tseren ƙanƙara.

Wasannin Olimfik na hunturu sau ɗaya a ke yin su a shekara huɗu. Wüst ta halarci biyar a jere, daga 2006 zuwa 2022, kuma a kowane ɗaya sai da ta ci lambar zinariya a tseren da ta shiga ita kaɗai, ba a cikin ƙungiya ba. Kafinta babu namiji ko mace da ya taɓa yin haka, a wasannin hunturu ko na bazara. Abin da za a duba shi ne yadda aka yi haka ta yiwu, tun da ya ke a yawancin waɗannan shekaru akwai waɗanda a ke ganin sun fi ta gudu.

Yadda a ke yin tseren

Filin tseren zagaye ne mai kama da ƙwai, tsawonsa mita 400, an raba shi layi biyu, na ciki da na waje. Biyu-biyu a ke sakin 'yan tsere, kuma a kowane zagaye sai su yi musayar layi domin kada ɗaya ta ci riba a kan ɗaya. Takalminsu yana da wani ƙarfe dogo a ƙasa mai kama da wuƙa, kaurinsa bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba. A kansa su ke zamewa, a sunkuye, hannuwa a baya, suna tura ƙanƙarar gefe da gefe. Tun daga wajen 1997 aka koma wani irin takalmi da masana na wata jami'a a Amsterdam suka ƙirƙiro, wanda ƙarfensa ya ke rabuwa da dunduniya idan an tura, sa'an nan ya dawo ya bugu. Wannan ya ƙara wa kowa gudu ƙwarai.

Babban abin lura shi ne, ba wadda ta riga abokiyar gudunta ce ta ci ba. Agogo ne alƙali. Bayan kowa ta gama, sai a jera lokutan a ga wadda ta fi ƙarancin sakan. Watau mai tsere tana iya gamawa ta zauna a gefen fili fiye da rabin awa tana kallon wasu suna ƙoƙarin karya lokacinta, ba ta da ikon ƙara ko rage kome. Nisan da mata su ke yi shi ne mita 500, 1000, 1500, 3000 da 5000. Masana wasan sun ce mita 1500 ita ce mai cin rai, gama ta yi wa mai gudun ɗan gajeren zango tsawo, ta kuma yi wa mai dogon zango sauri. Zagaye uku ne da kashi uku cikin huɗu, kuma a zagayen ƙarshe ne ƙafafu su ke ƙin jin maganar mai su.

Ƙasar da ta haife ta

Holan ƙasa ce ta ruwa, cike da magudanai da aka haƙa da hannu. Shekaru aru-aru da suka wuce, idan ruwan ya daskare, a kansa mutane su ke zuwa kasuwa da ziyara. Daga nan wasan ya shiga jinin jama'a. A lardin Friesland akwai wani tsere na kimanin kilomita 200 da ya ke ratsa garuruwa 11, ya tashi daga Leeuwarden ya koma can. Ba a yin sa sai ƙanƙarar ta yi kaurin santimita 15, shi ya sa daga 1909 zuwa 1997 sau 15 kaɗai aka samu yin sa. A lardin nan ne kuma garin Heerenveen ya ke, inda a ke da rufaffen filin Thialf, wanda shi ne cibiyar wasan a ƙasar.

Matan Holan sun daɗe suna cin nasara kafin Wüst. Atje Keulen-Deelstra, matar manomi mai 'ya'ya uku, ta zama gwanar duniya sau huɗu tsakanin 1970 da 1974. Yvonne van Gennip kuwa ta ci zinariya uku a Calgary ta Kanada a 1988, ta kā da matan Jamus ta Gabas waɗanda a lokacin a ke ganin ba su kāyuwa. Wannan yalwar gwanaye tana da wahalarta. Kowace ƙasa 'yan kaɗan a ke yarda ta aika a kowane nisa, don haka sai 'yar Holan ta fara tsallake gasar zaɓe ta gida, wadda sau da yawa ta kan kā da waɗanda da sun je da sun ciwo lamba. Sau biyar Wüst tana tsallake wannan siraɗi.

An haife ta ran 1 ga Afrilu 1986 a Goirle, wani ƙaramin gari kusa da Tilburg a kudancin ƙasar, nesa da Friesland. Ran 4 ga Janairu 1997 mahaifinta ya shiga tseren garuruwa 11, tana 'yar shekara 10. Ganinsa a kan ƙanƙara ne ya sa ta nemi a saya mata takalmi. Shekara 9 bayan haka sai ga ta a Olimfik.

Daga Turin zuwa Sochi

A Turin ta Italiya, cikin Fabrairu 2006, hankalin mutane yana kan Cindy Klassen ta Kanada da matan Jamus. Wüst, tana da shekara 19, ta gama mita 3000 cikin minti 4 da sakan 2.43, ta zauna tana jira. Manyan suka zo ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta kamo ta. Ta zama mafi ƙarancin shekaru a cikin mutanen Holan da suka taɓa cin zinariya a Olimfik na hunturu, ta kuma ƙara da tagulla a mita 1500. A 2007, a gaban jama'arta a Thialf, ta ci gasar duniya ta haɗaka, inda a ke yin nisa huɗu cikin kwana biyu a haɗa maki.

Daga nan sai abubuwa suka yi sanyi. A 2008, a Berlin, abokiyar ƙungiyarta kuma aminiyarta Paulien van Deutekom ce ta karɓe kambin, Wüst ta zo ta biyu. A 2009 da 2010 Martina Sáblíková ta ƙasar Cek ta mamaye gasar. Da aka je Vancouver ta Kanada a 2010, Wüst ta shiga mita 3000 da mita 1000 ba ta sami ko tagulla ba. Sauran mita 1500, inda 'yan Kanada suka sa rai da Kristina Groves a gaban mutanen gida. Wüst ta yi minti 1 da sakan 56.89, ta bar Groves da azurfa. A nan ne aka fara gane halinta: tana iya shan kaye a farkon mako, ta dawo bayan 'yan kwanaki kamar ba ita ba.

Shekaru huɗu da suka biyo baya su ne ganiyarta. Ta ci gasar duniya ta haɗaka sau huɗu a jere, daga 2011 zuwa 2014. A Sochi ta Rasha a 2014 ta sake cin mita 3000, ta ci zinariya ta biyu a tseren ƙungiya na mutum uku-uku, sa'an nan ta sami azurfa a mita 1000 da 1500 da 5000. Lamba biyar ke nan, babu ɗan wasan da ya kai ta yawa a wasannin shekarar. Ita kanta Holan ta kwashe lamba 23 daga cikin 36 da aka raba a wannan fili. A mita 1500 matan Holan ne suka zo na ɗaya har zuwa na huɗu, kuma wadda ta kā da Wüst 'yar ƙasarsu ce, Jorien ter Mors.

Lokacin da shekaru suka fara ja

Ba abin mamaki ba ne mai shekara 27 ta ci nasara. Abin nazari shi ne abin da ya faru bayan ta haura 30, sa'ad da wata 'yar Japan mai suna Miho Takagi, wadda Wüst ta girme ta da shekara 8, ta taso da ƙarfinta.

Ran 10 ga Fabrairu 2018, a wasannin Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, Wüst ta shiga mita 3000 tana neman zinariya ta uku a wannan nisa. Ta fara da gudu mai tsanani, har saura kaɗan tana gaba da lokacin da Carlijn Achtereekte, 'yar Holan, ta kafa tun da farko. A zagayen ƙarshe ƙarfi ya ƙare. Achtereekte ta ci ta da sakan 0.08. A irin gudun da su ke yi, wannan bai wuce tazarar mita ɗaya ba a cikin mita 3000. Kwana biyu bayan haka ta koma filin a mita 1500, ta yi minti 1 da sakan 54.35, ta zauna jira. Takagi, wadda ta yi ta cin wannan nisa duk tsawon hunturun, ta zo daga baya ta gaza da sakan 0.20. Da wannan zinariya da azurfa biyu Wüst ta wuce Claudia Pechstein ta Jamus, mai lamba 9, a yawan lambobin Olimfik na wannan wasa.

Ran 2 ga Janairu 2019 Paulien van Deutekom ta rasu da ciwon dajin huhu tana da shekara 37. Bayan mako biyar aka yi gasar duniya a Inzell ta Jamus. Wüst, cikin makoki, ta ci mita 1500, ta sadaukar da nasarar ga aminiyarta. A 2020 kuma, a Hamar ta Norwe, ta ci gasar haɗaka karo na bakwai, shekara 13 bayan na farko.

Da aka zo Beijing ta ƙasar Sin a 2022 tana da shekara 35. Mita 3000 da ta fara yin suna da ita ta koma hannun wasu, ba ta shiga ba. Mita 1500 kuwa, tun Maris 2019 Takagi ta kafa lokacin da ya fi na kowa a duniya, minti 1 da sakan 49.83, a Salt Lake City ta Amurka, inda tsayin ƙasa ya ke sa iska ta yi sauƙin ratsawa. Ran 7 ga Fabrairu Wüst ta yi minti 1 da sakan 53.28, watau kusan kilomita 48 a awa, lokacin da babu macen da ta taɓa yin sa a Olimfik. Ta sake zama jira, kamar yadda ta yi a Turin shekara 16 da suka wuce. Takagi ta zo a sahun ƙarshe ta yi minti 1 da sakan 53.72. Bayan ƙarin tagulla a tseren ƙungiya, lambobinta na Olimfik suka cika 13: zinariya 6, azurfa 5, tagulla 2. Cikin Maris na shekarar ta yi tserenta na ƙarshe a Thialf ta rataye takalmi.

Abin da tarihin ya nuna

Idan aka jera waɗannan shekaru, za a ga abu uku. Na farko, sau uku ta ci mita 1500 a Olimfik, a 2010 da 2018 da 2022, kuma a duka ukun ba ita a ke sa wa rai ba. Jikin ɗan wasa ba ya zama a ƙololuwar ƙarfinsa duk shekara. 'Yan makonni ne kawai, kuma da tsarin horo da hutu a ke kai shi can. Wasu su kan kai ƙololuwar tun Nuwamba, su yi ta cin ƙananan gasa, Fabrairu na zuwa su fara gangara. Wüst ta kan yarda a ci ta a farkon hunturu, muddin ƙarfin zai zo a makon da ta ke so. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ita kuwa ta ƙara da sanin cewa goran da aka cika tun da wuri ya kan tsiyaye kafin a kama hanya.

Na biyu, ta san abin da za ta saki. Ta fara da dogon zango, a Sochi ta haɗa nisa huɗu da tseren ƙungiya, amma da shekaru suka ja sai ta tattara ƙarfinta a kan nisan da ya fi bukatar sanin rabon ƙarfi, inda gogewa ta ke iya biyan abin da ƙuruciya ta tafi da shi.

Na uku shi ne yadda ta ke ɗaukar kaye. A Vancouver da Pyeongchang zinariyar ta zo ne 'yan kwanaki bayan ta rasa abin da ta je nema. Wanda aka ci da tazarar mita ɗaya bayan shirin shekara huɗu yana da dalilin da zai karaya, kuma da yawa sun karaya.

Kammalawa

Ɗalibin da ya shekara uku ko huɗu yana karatu, sa'an nan aka auna shi da jarrabawar awa uku, ya san wani abu game da irin wannan awo. A iya cewa ba adalci ba ne a taƙaita aikin shekaru cikin abin da bai kai minti biyu ba. Wüst ba ta yi jayayya da ma'aunin ba. Ta karɓe shi yadda ya ke, ta tsara rayuwarta a kansa, sau biyar ranar tana zuwa ta same ta a shirye. Tun 2009 mutanen Tilburg suka sa wa filin tseren garinsu sunanta, tana da shekara 23 da zinariya ɗaya tak, sauran biyar ɗin suna gaba.