Daga Lugu zuwa gadar Kennedy: laccar wani malamin tarihi a Dogon Kiriya

Wani tsohon malamin tarihi da labarin ƙasa, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a kolejojin ƙasar Arewa, ya gabatar da lacca a gaban taron iyayen yara da malamai a Dogon Kiriya. Yawancin mahalarta fatake ne da ma'aikatan gwamnati. Ga abin da ya faɗa.

Bayan sallama da gaisuwa ga maigari da malamai, da waɗanda ya kira iyayensa da yayyensa da ƙannensa, malamin ya fara da wata tambaya da ya ce yakan yi wa ɗaliban ajin ƙarshe na koleji a farkon kowace shekara: me ya sa ake bikin ranar matan Nijar ran 13 ga watan Mayu? Ya ce da wuya a samu hannu biyu a sama. Sun san ranar anko ce da kiɗa da jawabin manya. Ba su san cewa a wannan rana ta shekarar 1991 dubban mata suka fito kan titunan Yamai ba, domin kwamitin da aka naɗa ya shirya Taron Ƙasa mace ɗaya tak aka saka a cikinsa, kuma matan ba su koma gida ba sai da aka yarda za a ƙara musu kujeru. Yaran nan, in ji shi, ba dolaye ba ne. Suna iya jero maka ranakun yaƙin duniya kamar karatun allo, saboda zai fito a jarrabawar BEPC. Abin da ba ya fitowa a jarrabawa kuwa, ba wanda ya miƙa musu takardar da za su karanta shi a ciki.

Ya ce shekara da shekaru shi ma hanyar da ya gada ya bi: ya rubuta a allo, yara su kwafa, su haddace, su mayar masa ranar gwaji. Da wannan hanya ya koyar da gwagwarmayar baƙar fatar Amurka, ya rubuta musu sunan Rosa Parks da na Martin Luther King, aka ci maki, aka manta. Abin ya canza ne ranar da ya kawo ƴan shafuka kan wata yarinya mai suna Claudette Colvin, ya raba, ya zauna ya yi shiru. Shekararta 15 a watan Maris na 1955 lokacin da ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a cikin bas a garin Montgomery, wata tara kafin Rosa Parks ta yi irin haka ran 1 ga Disamba. Ƴan sanda suka fitar da ita da ƙarfi. Ɗalibansa suka ga sa'arsu ce. Wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba ta tambaye shi ko uwar Claudette ta yi mata faɗa da ta dawo gida. Malamin ya ce a duk shekarunsa na aiki ba a taɓa yi masa tambayar da ta kai wannan nauyi ba, domin yarinyar ta ɗauko tarihi ta shigo da shi tsakar gidansu.

Duk da haka ya ja kunnen malamai ƴan'uwansa da kada su fara da Amurka. Ɗan Arewa yana da Lugu a kusa da shi. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bar gawarwaki da toka a duk inda ta bi, ta afka wa garin Sarauniya Mangu, kafin ta wuce ta yi ɓarnar da ta yi a Birnin Ƙonni. Abdullahi Mamani, ɗan Sawaba da ya sha gudun hijira da kurkuku, ya rubuta littafinsa Sarraounia a 1980, Med Hondo kuma ya mayar da shi fim a 1986. A nan malamin ya daɗe. Ya ce yakan ba yaro littafin ya karanta shi kaɗai, sannan ya aike shi wurin kakarsa ya tambayo abin da tsofaffi suka riƙe game da Sarauniyar Lugu. Yaro zai dawo a ruɗe, domin jarumar da ke cikin littafi daban, wadda tsofaffi suka sani daban: su mai kula da al'adar gari suka sani, wadda ba a cika ganin fuskarta ba. Takardun Faransawa kuma ƴan layuka kawai suka ba ta. Wannan ruɗewar, a cewarsa, ita ce darasin. Yaron da ya gane cewa labari guda yana da baki uku, kuma dole ya auna su, ya soma zama mutumin da ba a ja da hanci.

Daga nan ya zo kan gadoji biyu da yakan haɗa wa ɗalibai a mako guda. Ta farko tana garin Selma na Amurka, inda ran 7 ga Maris na 1965 ƴan sanda suka far wa mutane kusan 600 da kulake da hayaƙi mai sa hawaye, don sun fito neman haƙƙin jefa ƙuri'a. Cikin watan Agusta na wannan shekara aka sa hannu kan dokar da ta tabbatar musu da shi. Ta biyu ita ce gadar Kennedy ta Yamai, inda ran 9 ga Fabrairu na 1990 aka buɗe wa ɗalibai wuta suna tattaki daga jami'a zuwa cikin gari, aka kashe uku: Aliyo Nahanci, Isaka Kaine da Abdu Maman Sagiru. Jinin nan ya girgiza mulkin Janar Ali Saibu. Ƙungiyar ƙwadago ta USTN da ta ɗalibai ta USN suka matsa, aka yarda da jam'iyyu da yawa, aka buɗe Taron Ƙasa ran 29 ga Yuli na 1991 ƙarƙashin Farfesa André Salifou, wanda shi kansa masanin tarihi ne, har aka kai ga zaɓen 1993. Malamin ya dubi ma'aikatan da ke zaune ya ce da yawansu suna raye a lokacin, wasu ma suna Yamai, amma nawa ne suka taɓa zaunar da ƴaƴansu suka ba su labarin?

Wani Alhaji daga cikin fatake ya katse shi. Ya ce Malam, a gafarce ni, mu fa mun ga shekarun da aka yi asararsu ɗungurungum saboda yajin karatu, mun ga yara suna ƙona taya suna jifar motoci. Idan ka cika musu kai da labarin tawaye, wa zai riƙe su?

Malamin ya ce Alhaji ya yi gaskiya a tsoronsa, kuma ba zai rufe maganar da daɗin baki ba. Sai dai ya roƙe shi ya duba waɗanne yara ne ke kan gaba wajen jifa. A saninsa, yawanci waɗanda aka busa wa usur ne suka fito ba su san dalili ba. Wanda ya karanta labarin Montgomery da idonsa ya san cewa mutanen nan kwana 381 suka yi suna zuwa aiki a ƙasa, masu motoci suna ɗaukar marasa shi bisa tsari, ana taro ana tara kuɗi, lauyoyi na kotu, har kotun ƙoli ta rushe dokar wariya a bas. Ya san an jefa bam a gidan King, King ya fito ya hana jama'a ramuwa. Irin wannan yaro, idan aka ce masa fito, zai tambayi me ake nema, a wurin wa, kuma wa aka aika ya yi magana. Bai yi alkawarin cewa karatu zai sa yaro ya zama mai ladabi kullum ba. Zai riƙa tambaya, har uban nasa ma zai tambaya, kuma wannan farashi ne da ya ce gara iyaye su san da shi tun yau.

Ya ƙara da labarin Hadizatu Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 a kan jika 240 a yankin Ƙonni, ta zama wahayya. Dokar Nijar ta mai da bauta laifi a 2003. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙasarta ƙara gaban kotun CEDEAO, ran 27 ga Oktoba na 2008 kotun ta ce hukuma ta kasa kāre ta, a biya ta miliyan 10 na sefa. Ba ta jefi kowa ba, takarda da shaidu ta kai. Yakan haɗa labarinta da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, littafin Hausa na 1934 da ke ba da labarin yaron da aka sace da uwar da ta bi sawunsa har hamada. Yaran da Faransanci ke yi wa nauyi, wannan sukan cinye shi a dare biyu.

Game da yadda ake yin karatun, ya ce ba wani asiri. Yaro ya zaɓi littafi da kansa, ya tafi da shi gida mako guda, ya rubuta a ƙaramin kaye abin da ya ba shi mamaki ko abin da bai yarda da shi ba. Ba maki, ba bulala. Sau ɗaya a mako a ware awa guda, mutum uku ko huɗu su tashi su gaya wa aji abin da suka gani. Wanda littafi ya gundure shi ya mayar ya ɗauki wani, ba laifi ba ne. Ya tuna wata makaranta da ya taɓa aiki, inda littattafai suka shekara biyar a kulle cikin kabad don gudun kada su yage a tuhumi mai riƙon mabuɗi. Da aka buɗe, gara ta riga yara karantawa.

Sannan ya juya ga abin da ya kawo shi. Dokar da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ta ce Hausa ce harshen ƙasa, amma doka ba ta ɗauko littafi ta kawo Dogon Kiriya. Fatake ne ke zuwa Ƙonni da Sakkwato da Kano. Duk wanda ya yi lodin atamfa da taliya, ya sa Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja guda biyu a saman kaya, ba za su karya mota ba. Ma'aikata kuma su duba akwatunansu: tsofaffin jaridun shekarun Taron Ƙasa, irin su Haske, da littafin tarihin Nijar na André Salifou, suna can ƙura na cin su. Daga iyaye mata kuwa awa guda ya roƙa, bayan sallar isha, da fitila mai aiki da hasken rana, musamman ga yarinya, wadda daga daka sai rijiya sai talla, littafi na ƙarƙashin tabarma har mako ya cika ba a buɗe ba.

Alhajin da ya yi tambaya ya ce shi zai kawo akwatin ƙarfe da kwaɗo, amma da sharaɗin shugaban iyayen yara ya ga kowane littafi kafin a saka. Wata malama ta ce idan haka ne a sa mace cikin masu dubawa. Aka yi ta muhawara a kan wanda zai riƙe mabuɗi, malamai na cewa darakta, malamin na cewa a ba ɗalibai biyu, namiji da mace, har aka kira la'asar. Aka ɗage maganar mabuɗin zuwa zama na gaba.