Kumburi da Aikin Fararen Ƙwayoyin Jini



Mutane da yawa sun ɗauka kumburi shi ne cutar. Alhali kuwa, galibi alama ce ta cewa jiki ya tashi tsaye yana kare kansa. Tun a ƙarni na farko na Miladiyya wani marubuci na ƙasar Rum, mai suna Selsus, ya lissafa alamominsa huɗu, watau ja, da kumbura, da zafi, da ciwo. Kowacce kuwa da dalilinta.

Alal misali, in ƙaya ta soki manomi ta shiga da ƙwayoyin cuta, nan take waɗansu ƙwayoyin jiki da ke wurin sukan saki wani sinadari, histamin. Shi ke buɗa ƙananan jijiyoyin jini, jini ya kwararo, wurin ya yi ja, ya ɗau zafi. Sa'an nan ruwa ya tsattsafo daga jijiyoyin zuwa cikin nama, wurin ya kumbura, ya riƙa zogi.

Duk wannan share fage ne domin isowar fararen ƙwayoyin jini. A cikin ɓargo ake yin su, kuma a maikurolita ɗaya na jinin baligi, ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, akan sami 4,000 zuwa 11,000. Su ke kutsawa ta bangon jijiya, su bi sawun abokan gaba, su haɗiye su. Wani masani ɗan Rasha, Mecinikof, shi ya bayyana wannan aiki a 1882, a garin Mesina na Italiya. Ya soka ƙayar fure a jikin tsutsar wata halittar teku mai siffar tauraro, washegari ya tarar ƙwayoyin jikinta sun yi wa ƙayar zobe. Wannan bincike ya kai shi ga lambar Nobel a 1908.

Saboda haka mugunyar da ke cikin maruru yawancinta gawawwakin waɗannan mayaƙa ne. Kaluluwar da ke fitowa a matsematsi in ƙafa ta yi gyambo, ita kuma sansani ce inda ake tare ƙwayoyin cuta kada su wuce.

To, amma fa yaƙi ba kullum ake cin nasararsa ba. Wanda ya matse maruru tun bai nuna ba yana iya tura cutar can ciki. In kumburi ya yi ta yaɗuwa, ga zazzaɓi da rawar jiki, ga numfashi sama-sama, ko hankali ya soma gushewa, mai yiwuwa faɗan ya game jiki duka, abin da kan kashe mutum cikin 'yan kwanaki. A lura kuma, ja ba ya fitowa sosai a baƙar fata, don haka zafi da yaɗuwar kumburin su ne abin dubawa. Mai irin waɗannan alamomi ba a kwana da shi a gida, sai asibiti.