Littattafan 'Yan Matan Makarantar Kwana: Jawabin da Aka Yi wa Alhazan Zongo a Ƙuba



Shugabannin Jam'iyya sun ce, tun da Allah ya tara mu a masauki ɗaya, in ɗan yi bayani a kan littattafan da 'ya'yanmu mata ke karantawa, musamman na labarin makarantar kwana. Wani ya ce, wannan magana a Ƙuba? To, ku dubi wurin. Nan Annabi (S.A.W.) ya sauka a shekarar Hijira, watau 622, a gidan Kulsumu ɗan Hidmu, ya kafa masallacin nan kafin ya shiga Madina, wadda ke wajen mil biyu daga inda muke. Muhajirai marasa aure kuwa a gidan Sa'adu ɗan Haisama suka taru. Ashe Ƙuba zango ce, irin tamu. Ba kuwa maza kaɗai suka baro gida ba. Ummu Salama ta fito Makka daga ita sai ɗanta ƙarami bisa raƙumi, Usmanu ɗan Ɗalha ya tarar da ita a Tan'im, ya ja mata akala har suka hango Ƙuba, sa'an nan ya juya, alhali a lokacin bai musulunta ba. Asma'u 'yar Abubakar ta iso da tsohon ciki, a nan ta haifi Abdullahi ɗan Zubairu. Saboda haka zancen mace ta bar ɗakin uwarta domin neman abin da ya fi, ba baƙon zance ba ne a wannan wuri.

Turawan Ingila sun daɗe suna rubuta labarin makarantar kwana ta mata. Tun 1749 wata Sarah Fielding ta yi littafi mai suna The Governess, labarin 'yan mata tara da uwargijiyarsu, wanda ya fara da faɗa a kan wadda za ta ɗauki tuffa mafi girma a kwando. Amma waɗanda suka fi shiga hannun yaranmu su ne na Enid Blyton: St Clare's guda shida, daga 1941 zuwa 1945, da Malory Towers guda shida, daga 1946 zuwa 1951. A na biyun, wata yarinya mai saurin fushi, Darrell Rivers, ta shiga makaranta a bakin teku, aka bi ta aji aji har ta zama shugabar ɗalibai. A ciki akwai cin liyafa a ɓoye da tsakar dare, da iyo, da tsokanar malamar Faransanci, da wata shagwaɓaɓɓiya, Gwendoline, wadda uwarta ta lalatar da ita da so.

Ban ce a ƙwace su daga hannun yara ba. Suna koya Turanci mai sauƙi, suna kuma nuna yarinya tana koyon danne zuciya, da riƙon amana, da zama da wadda ba ta so. Aibinsu shi ne labarin 'ya'yan masu hali ne, baƙo kuwa a cikinsu abin dariya ne. Amma ga abin da nake so ku lura da shi. A cikin littattafan nan goma sha biyu, ba inda aka zauna ana gardama ko mace za ta yi karatu. An gama wannan magana tun ba a buɗe shafin fari ba. Uba ya sa akwati a mota, shi ke nan.

To, ku buɗe namu. Zaynab Alkali ta rubuta The Virtuous Woman a 1987. Labarin 'yan mata uku ne za su makarantar kwana daga ƙauye, babbarsu Nana Ai mai ɗingishi, kuma yawancin littafin a hanya ya ƙare, cikin mota da jirgin ƙasa. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana da ƙuruciya, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a 1990, da Hausa. Uban Abu ya fitar da ita daga makaranta, saurayin da aka yi mata alkawarinsa ya ƙi ta domin ba ta da ilmi, aka ba da ita ga tsoho, sai bayan wuya mai yawa ta koma karatu. Mariama Ba ta Sanigal, a littafinta na Faransanci na 1979, wasiƙa ce doguwa daga wata mai takaba zuwa ga ƙawarta, tana tuna makarantar horon malamai mata inda suka zauna da 'yan mata daga ƙasashe dabam dabam. Marubuciyar da kanta ta yi irin wannan makaranta a Rufisque daga 1943 zuwa 1947. Kun gani, na Turawa labarin cikin makaranta ne, namu kuwa labarin ƙofarta ne, ko za a bar yarinya ta kai.

Kada wani ya ce ilmin mata Bature ya kawo. Kusan shekara ɗari kafin a buɗe makarantun 'yan mata na Kano da Katsina a 1930, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, tana naɗa jajinta, ta ba su malfa, su riƙa kawo mata 'yan taru daga ƙauyuka, su ɗauki karatu su koma su koyar. Jean Boyd ta ba da tarihinta a The Caliph's Sister a 1989. Wannan littafi ya cancanci kowane malamin makarantar allo ya sa a karanta masa.

Amma fa tsoron iyaye ba wauta ba ne, ban kuwa zo in yi musu ba'a ba. Tun da aka fara sakandare kyauta a Gana a 2017, kuɗi ya rage zama hujja, sai saura tambaya ɗaya: in ta shiga, za ta yi salla? Kowa ya tuna azumin 2021, da aka hana wata ɗaliba Musulma azumi a Wesley Girls ta Cape Coast. Makarantar ta ce domin lafiyar yara ne. Hukumar Ilmi ta ba da umurni a bar mai so ta yi azumi da takardar iyayenta, Cocin Methodist ta ƙi karɓar umurnin. Darrell Rivers ba ta taɓa tashi sahur a ɓoye ba. Ba a cikin littafin Blyton 'yarmu za ta sami shawarar wannan dare ba.

Mutanen ƙasar nan ma sun ji irin wannan tsoro. Sai a 1960 hukuma ta buɗe makarantun 'yan mata, ta sa su ƙarƙashin kulawar malamai domin iyaye su natsu, haka kuwa aka tafi har 2002 kafin a haɗa su da Ma'aikatar Ilmi. A 1963 mutanen Buraida suka tashi, sai da Faisal ya aika dakaru suka tsare makarantar. Bai tilasta wa kowa ya kawo 'yarsa ba, bai kuma yarda a rufe ƙofa ba. Ga shi yau a nan Madina mata suna karatun likita a Jami'ar Ɗaiba, wadda aka kafa a 2003. Sharaɗi suka gitta, ba su tsare 'ya'yansu a gida ba.

Roƙona ga Jam'iyya, in mun koma gida lafiya, a sami kabad ɗaya a ofis a zuba littattafan nan da na ambata, na Turawa da namu tare, a riƙa ba da aro. Na Hajiya Balaraba, tun da da Hausa yake, yarinya ta karanta wa uwarta da kakarta da dare, uban ma ya saurara daga zaure. Kafin a cika takardar zaɓen makaranta, uba ya tafi da ƙafarsa, ko Jam'iyya ta aiki mutum biyu, su tambayi shugabar makaranta zancen salla da azumi da lulluɓi, su ji amsa da kunnensu. Ku kuma hajiyoyi da kuka yi makarantar kwana, ga ku nan zaune, ku rubuta abin da kuka gani a ɗakin kwana, ko da shafi huɗu ne, da Hausa ko da Turanci, ku miƙa wa Sakatare a buga a wannan takarda tamu.

Azahar ta gabato, masu alwala su yi haramar masallaci.